YARO MAI ƘIRINIYA: GADO NE KO LAIFIN UWA?

 A filinmu na yau ina so mu yi magana a kan wani yaro da kowaccenku ta sani, ko da ba ita ta haife shi ba. Shi ne yaron nan da ba ya iya zama wuri ɗaya. In kin aike shi sayen gishiri sai ya dawo miki da ashana, ko kuwa ya mance da aiken ɗungum ya bi 'yan wasan langa. Kina magana yana katse ki, kina yi masa faɗa idonsa na kan ƙadangaren da ke bin katanga. A makarantar allo shi ne mai shan bulala kullum, a ta boko kuwa shi ne wanda fensirinsa ba ya kwana biyu bai ɓace ba.

A irin ƙasarmu ta arewacin Kano, watau su Ɗambatta da Makoɗa da Kunci da Bici da Tsanyawa, gona manne take da gona, ba a bar wani fili ya huta ba, saboda haka ɓarnar yaro ba ta ɓoyuwa. An ba shi kiwon awaki da damina, hankalinsa ya tafi wani wuri na ɗan lokaci kaɗan, akuya ta faɗa waken maƙwabci, kafin magariba magana ta kai gaban mai unguwa. To, in an dawo gida kan wa laifin yake sauka? Kan uwa. Dangin miji su ce a nono ya sha, abokiyar zama ta yi habaici, maigida ya ce ke ce kika sangarta shi. Akwai matan da irin wannan magana ta kai su yaji, akwai kuma yaran da aka raba da iyayensu mata tun suna ƙanana don a ce a gyara su. Wannan shi ya sa na ga ya kamata mu ji abin da likitoci suka gano game da irin waɗannan yara.

Ba kowace ƙiriniya ce larura ba

Da farko dai, yaro mai lafiya dole ya yi guje-guje da tsalle-tsalle. Wanda ya kamata a damu da shi ma shi ne wanda ya lafe a gefe ba ya wasa. Abin da muke magana a kai larura ce ta rashin natsuwa wadda likitoci ke kira ADHD a taƙaice. Tana da fuska uku: kasa tsai da hankali a kan abu ɗaya, da yawan motsi fiye da kima, da garaje, watau aikata abu kafin a yi tunani.

Likita ba ya cewa yaro na da ita sai ya tabbatar da wasu sharuɗɗa. Dole halin ya zarce na sa'o'insa nesa ba kusa ba, ya kai wata 6 ko fiye yana yi, ya kasance ya soma tun kafin ya cika shekara 12, kuma a gan shi a wuri biyu ko fiye, kamar gida da makaranta. Sharaɗi na ƙarshe shi ne ya zama halin yana cutar da yaron, ko a karatunsa ko a zamansa da mutane. Yaron da ke rawar kai a gida kaɗai, amma ya natsu tsaf a gaban malam, ba shi muke nufi ba.

Ba kuma sabon abu ba ne da zamani ya kawo. Tun a shekarar 1902 wani likitan yara a birnin Landan mai suna George Still ya yi bayanin yara masu irin wannan hali, ya kuma lura cewa da yawansu wayonsu ƙalau yake. Sunan da ake kiran larurar da shi yanzu a Amurka aka sa shi a 1987. Da aka haɗa binciken ƙasashe da dama a 2007, sai aka ga kimanin yara 5 cikin 100 ne ke da ita a duniya. A nan Nijeriya ma an bincika. A Ilesha an sami kusan 9 cikin 100 na 'yan firamare a 2007, a birnin Benin kuwa kusan 8 cikin 100 a 2011. Ko da lissafin 5 cikin 100 muka ɗauka, ajin da ke da yara 80, irin wanda mu malaman ƙauye muka saba da shi, zai iya ƙunsar 4 daga cikinsu.

Abin da tagwaye suka nuna

Hausawa sun ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kuma a wannan fage masana sun yarda da su. Hanyar da suka bi don su auna ƙarfin gado ita ce ta duba tagwaye. Kun san tagwaye iri biyu ne. Akwai waɗanda suka fito daga ƙwai ɗaya, masu kamar da ko uwarsu sai ta duba da kyau, waɗannan gadonsu ɗaya ne sak. Akwai kuma na ƙwai biyu, kamar Hassan da Hassana, waɗanda gadonsu bai wuce na wa da ƙanwa ba. Dukansu ciki ɗaya suka kwanta, nono ɗaya suka sha, tuwo ɗaya suke ci. In da tarbiyya ce kaɗai ke kawo larurar, da ba za a ga bambanci tsakanin iri biyun ba. Amma abin da aka gani shi ne, in ɗaya daga tagwayen ƙwai ɗaya yana da ita, sau da yawa ɗan'uwansa ma yana da ita, fiye ƙwarai da yadda ake samu a na ƙwai biyu.

A 2019 wasu masana biyu, Faraone da Larsson, sun tattara bincike 37 da aka yi a kan tagwaye, suka sami cewa gado ne ke da kashi 74 cikin 100 na lamarin. Kada ki fahimci wannan da cewa in mijinki na da larurar to ɗanki na da kashi 74 na samunta. Ma'anarsa ita ce, in aka dubi bambancin da ke tsakanin yara wajen natsuwa, kusan kashi uku cikin huɗu na wannan bambanci daga gado ya fito.

Wani binciken da aka buga a 2017 zai fi ba mu sha'awa, mu da muke zaune gidan mata biyu ko uku. A ƙasar Suwidin an bi bayanan mutane fiye da miliyan ɗaya da rabi. Aka ga cewa wanda ɗan'uwansa uwa ɗaya uba ɗaya ke da larurar, haɗarinsa ya ninka na sauran mutane kamar sau 8. Wanda ɗan ubansa ne ke da ita, haɗarinsa ya ninka fiye da sau 2, haka nan wanda suka haɗa uwa kaɗai, kusan sau 3. Kun ga ke nan abin yana bin jinin uba kamar yadda yake bin jinin uwa. An kuma duba 'ya'yan riƙo a ƙasashen Turawa, aka ga a wannan hali sun fi kama da waɗanda suka haife su a kan waɗanda suka rene su.

Saboda haka 'yar'uwa, ranar da kika sami uwar mijinki cikin raha, ki tambaye ta cikin ladabi, ki ce: "Inna, a gidan nan wa ya yi irin yarintar wannan yaro?" Kada ki yi mamaki in ta yi dariya ta ambaci ubansa, ko wani baffansa da ya taɓa faɗowa daga kan ɗorawa.

Ba irin gadon sikila ba ne

Gadon da muka fi sani a Kano shi ne na sikila, tun ma ba yanzu da Gwamnatin Jiha ta kafa dokar gwajin jini kafin aure a 2024 ba. To amma gadon rashin natsuwa daban yake, kuma yana da kyau ku gane bambancin.

Kowane ɗan Adam yana karɓar ƙunshin ƙwayoyin gado 23 daga uwa, 23 daga uba. A cikinsu ne ake da ƙwayoyin gado kimanin 20,000 waɗanda ke tsara yadda jiki zai ginu. Sikila daga ƙwaya ɗaya tak take fitowa, shi ya sa gwajin jini ke nuna ta sarai, har a ce in AS ya auri AS, kowane ciki yana da haɗarin 1 cikin 4. Rashin natsuwa kuwa ba ta da ƙwaya ɗaya da za a nuna a ce ga ta. Masana ƙarƙashin jagorancin Jami'ar Aarhus ta ƙasar Denmak sun gwada ƙwayoyin gadon mutum 20,183 masu larurar da na 35,191 marasa ita, suka sami wurare 12 da suka bambanta, aka buga a 2019. Da suka ƙara yawan mutanen, masu larurar suka kai 38,691, sai wuraren suka zama 27 a 2023. Sun kuma ƙiyasta cewa ƙananan bambance-bambancen da ke da hannu a ciki sun kai dubbai, kowanne tasirinsa bai taka kara ya karya ba in shi kaɗai ne.

Ki ɗauka kamar awon gero ne. Kowa da kowa, har ni da ke, muna ɗauke da wasu daga cikin waɗannan bambance-bambance. Wani tafin hannu ya samu, wani rabin mudu. Yaron da ya haɗa mai yawa daga wajen uwa da mai yawa daga wajen uba, shi ne mudunsa ke cika ya zuba. Shi ya sa za ki ga iyaye natsattsu sun haifi ɗa mai ƙiriniya, shi ya sa kuma cikin 'ya'yanki shida ɗaya ne kawai ya fito haka, domin rabon kowane ciki daban ne. Yadda tsawo yake bin gida ba tare da an ce ga ƙwayar tsawo guda ɗaya ba, haka wannan ma yake.

Har wa yau, waɗanda aka yi waɗannan manyan bincike a kansu galibi Turawa ne, alhali mutanen Afirka sun fi kowa bambancin ƙwayoyin gado a tsakaninsu. Babu wani gwajin jini, a nan ko a Turai, da zai nuna miki cewa yaro na da wannan larura. Duk wanda ya ce ki kawo kuɗi a yi masa irin wannan gwaji, ki riƙe kuɗinki.

Me ke faruwa a kan yaron?

Ɓangaren ƙwaƙwalwa da ke bayan goshi shi ne birkin mutum. Shi ke ce wa yaro dakata, shi ke riƙe masa aiken da kika ba shi har ya isa shago. A 2007 masana a Amurka sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar yara 223 masu larurar da wasu 223 marasa ita, suka ga ta masu larurar tana nuna a makare da kimanin shekara 3, musamman wannan ɓangare na goshi. Watau kina iya samun ɗan shekara 10 mai wayon ɗan shekara 10, amma birkinsa na ɗan shekara 7 ne. Ya san abin da kika hana shi, in kin tambaye shi zai faɗa miki, amma a daidai lokacin da abin ya zo sai hannu ya riga tunani. Bulala tana sa shi kuka da tsoro, amma ba ta sa ƙwaƙwalwa ta nuna da wuri. Abin da takan haifar shi ne ƙarya don gudun duka, da taurin zuciya.

Yara maza aka fi ganewa, don su ne ke hawa katanga. Yarinya kuwa sau da yawa tata ba ta da hayaniya. Za ki gan ta zaune shiru amma hankalinta ba ya wurin, tuwo ya kama a tukunya tana kallo, kuɗin talla kullum ba ya cika, a aji a kira sunanta sau uku kafin ta ji. Sai a sa mata suna sakarya, a ce boko ba nata ba ne, a cire ta. Ku lura da irin waɗannan 'ya'ya mata.

Iri da ƙasa

Kowace manomiya ta san iri ɗaya ba ya ba da amfani ɗaya a jigawa da fadama. Bayan gado akwai abubuwan da ke ƙara haɗarin wannan larura, kuma wasunsu muna da iko a kansu. Akwai haihuwar bakwaini, da haihuwar jariri ɗan mitsitsi marar nauyi, wanda zuwa awo da cin abinci mai kyau da shan maganin ƙarin jini lokacin goyon ciki ke taimakawa wajen rage shi. Zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa, wanda ke zuwa da jijjiga da suma, yakan bar wa wasu yara matsalar tsai da hankali, don haka gidan sauro da saurin zuwa asibiti ba ƙaramin abu ba ne.

Sai kuma gubar dalma. Ba mu manta da abin da ya faru a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara a 2010 ba, inda yara fiye da 400 suka rasu saboda dalmar da ke cikin duwatsun zinariya da ake daka a cikin gidaje. Dalma ko kaɗan ce tana cutar da ƙwaƙwalwar yaro. Mu nan ba mu haƙar zinariya, amma kwallin dutse da muke ranɓaɗa wa jarirai an gwada irinsa an sami dalma mai yawa a ciki, yaro kuwa ya murza ido ya kai hannu baki. Gara a haƙura da sa wa jariri kwalli, a kuma hana yara wasa da tsohon batirin mota. Game da zaƙi kuwa, an gwada an sake gwadawa, ba a sami cewa sukari ko alewa ne ke kawo wannan larura ba.

Akwai kuma abubuwan da ke kama da ita alhali ba ita ba ce. Yaron da ya tafi makaranta bai karya ba, ko mai ƙarancin jini, ko wanda kunnensa ke ruwa ba ya ji sosai, ko wanda ba ya ganin allo, ko mai wata irin farfaɗiya da ke ɗauke hankali na 'yan daƙiƙu ba tare da faɗuwa ba, ko wanda fitina tsakanin iyayensa ta hana shi barci, duk waɗannan ba za su natsu a aji ba. Shi ya sa bai kamata ke ko ni mu yanke hukunci da kanmu ba.

Abin da za ki iya yi

A gida, in za ki aike shi ki kira sunansa, ki bari idonsa ya haɗu da naki, ki ba shi aike ɗaya tak, ki sa ya maimaita miki. In ya dawo sannan ki ba shi na biyu. Ki tsara masa lokacin tashi da na ci da na kwanciya, kada ya riƙa canzawa. Duk lokacin da ya yi abin kirki, ko ƙanƙani ne, ki yaba masa nan take, domin irin waɗannan yara sukan wuni ba su ji kalma mai daɗi ko ɗaya ba. In ya yi laifi, horon ya zama gajere kuma a lokacin, kamar hana shi fita wasa na ɗan lokaci, ba a tara masa sai ubansa ya dawo da dare ba.

Ki zaɓa masa aikin da jiki ke motsi a cikinsa kuma ake ganin ƙarshensa, kamar ɗebo ruwa tare da yayansa, ko yankan ciyawa, ko kai taki gona da jaki, ko tsintar gyaɗa. Tsaron awaki shi kaɗai a tsakiyar gonakin mutane, ko gadin shanya, jarrabawa ce da ya riga ya faɗi tun kafin ya fara. Ki kuma sa ido ƙwarai a kan rijiya da kududdufi da bakin titi, musamman ranar kasuwa, domin an tabbatar irin waɗannan yara sun fi sauran yawan haɗari.

A makaranta, ki je da kanki, ko ki roƙi maigida ya je, a yi magana da malaminsa na boko da na allo. A zaunar da shi gaba kusa da malam, nesa da taga. A rage masa tsawon aiki, in na sauran layi goma ne shi a raba masa biyar-biyar. A sa shi share allo da rabon littattafai don ya sami dalilin tashi. Mu malamai ma muna bukatar a koya mana. An gwada ba malaman firamare horo a kan wannan larura a Kaduna, aka buga sakamakon a 2017, an kuwa ga saninsu da yadda suke kallon yaran sun gyaru.

In abin ya fi ƙarfin gida da makaranta, ki fara da asibitin da ke kusa da ke, kamar babban asibitin Ɗambatta ko na Bici, a duba kunnensa da idonsa da jininsa. Daga nan za a iya tura ku Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau, inda ake da likitocin wannan fanni. Kada sunan Dawanau ya firgita ki, wannan larura ba hauka ba ce. Akwai magani mai suna methylphenidate wanda ke taimaka wa yara da yawa, amma likita ne kaɗai ke rubuta shi bayan ya auna yaro, kuma ga ƙananan da ba su isa makaranta ba, da gyaran reno ake farawa. Ina roƙonku, kada ku sayi maganin mura ko na barci a kemis ku ɗura wa yaro don ya lafa. Addu'a kuwa ki ci gaba da yi masa ba dare ba rana, ba ta hana zuwa asibiti.

Kafin a yanke shawarar tura shi wani gari karatu don ya natsu, ki zauna da maigida ki nuna masa cewa yaron da ke mance aike ɗaya a gaban uwarsa, ba zai fi natsuwa a cikin yara ɗari ba tare da mai lura da shi ba. An gano cewa masu wannan larura, in aka bar su ba kulawa, sun fi saurin barin makaranta da faɗawa shaye-shaye idan sun tasa, mu kuwa Kanawa mun san abin da shaye-shaye ya yi wa gidaje. Amma da yawansu, in sun sami mai haƙuri da su, yawan motsin yakan ragu da girma, su zama manoma da 'yan kasuwa da masu sana'a waɗanda ba su san gajiya ba.

Gare ku iyayen miji da abokan zama masu karanta wannan fili, yaron nan jininku ne kamar yadda yake jinin uwarsa. Ku kama mata, ku rage gori. Mai tambaya a kan wannan magana ta rubuto mana. Allah Ya shirya mana zuriya, amin.